Keken brodari na kwamfuta: wane girman kadir ya kamata in saya? Ina Tawa

Telan_Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa teloli da duk mai sani bisa harkar ga. Don Allah shawara nike biɗa tun kahin in zuba kuɗɗina. Ina da ɗan atalye nan Tawa ni da yarana, aikinmu kaftani na maza ne ya hi yawa, sai bubu na mata, in lokacin komawa lakkwal ya yi kuma mu samu komand ta kayan ƴan makaranta. Brodari har yanzu da keken zigzag muka yin shi, hannu da gwiwa, to amma yanzu kowane kiliyan sai shi buɗe waya shi gwada maka hoton aikin kwamfuta shi ce wanga nike so, ba ni da yadda zan yi sai in yanka wuya in aika Yamai cikin mota a yi a maido mini, ga kuɗin aikawa ga kuɗin mai keke, gab da Sallar Layya kuwa sai an gama na mutanen Yamai kahin a tuna da kai, kai kuma mai kaya na tsaye bakin ƙohwa kullum yana tambaya.

Shi ya sa nis shiga adashe har nit tara wajen jikka 900. Wani mai saida kekuna can Yamai ya turo mini hotuna ta WhatsApp, keke biyu. Na hwarko Brother PE800 ne, okaziyo amma da kwalinshi, an rubuta 5x7 a jiki, yac ce mini 13 bisa 18 kenan in an koma santimita. Na biyu shi ma Brother ne, NV880E, sabo, 16 bisa 26, shi kuɗinshi ya hi abin da ke hannuna sai na ƙara jira. Sannan wani abokina mai zuwa Dubai saro yac ce akwai Janome 550E mai 20 bisa 36, shi kuma ya hi su duka tsada.

Ga inda kaina ya ɗaure. Mai saidawa yac ce kar girman kadir ɗin da aka ɗaure yadi ciki shi dame ni, in ɗauki ƙaramin keken kawai, wai akwai kadir mai 13 bisa 30 da aka saidawa daban da araha, in na sa shi ai ya ma hi na 26 tsawo. To in haka ne mi ya sa mutane ka biyan kuɗɗi masu yawa su sai babba? Shin kadir ne ka yanke girman aiki ko keken da kanshi? Kuma wuyan kaftani da gaban babbar riga wane girma ka ɗaukarsu? Wanda ya riƙa irin kekunan ga da hannunshi don Allah shi gaya mini gaskiyar magana, gumin shekara da shekaru ne zan sa ciki.

Mai_gyara_Katako:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a neman. Ni gyaran kekuna nake yi nan Yamai wajen Katako, na ɗinki da na brodari duk suna zuwa hannuna. Keken ne ke yanke girman aiki ba kadir ba, wannan ka riƙe shi da kyau kafin komai. In ka duba gefen hagu na keken akwai wani hannu da ake maƙala kadir a jikinsa, shi ne ke yawo da yadi gaba da baya hagu da dama, allura tana wuri ɗaya ita sama da ƙasa kawai take yi. To iya tafiyar wannan hannun a ƙayyade take tun daga kamfani, a PE800 santimita 13 ta nan 18 ta can, shi ke nan an rufe magana. Ko ka samo kadir mai faɗin tabarma ka ɗaura masa ba zai wuce nan ba, kuma in ka sa masa zane a kle na USB wanda ya fi 13x18 ba zai karɓa ba, wani lokaci ko nuna maka shi ba zai yi a ekran ba sai ka yi zaton kle ɗin ne ya lalace.

Shi kadir mai 13x30 ɗin akwai shi da gaske, mutumin bai yi ƙarya ba amma bai ƙarasa maka magana ba. Yadda yake shi ne a gefensa akwai wurin maƙalawa fiye da ɗaya. Zanen sai an fara raba shi gida biyu a ordinatar, kowane yanki kar ya wuce 13x18, keken ya ɗinka yanki na farko ya tsaya, ka zare kadir ba tare da ka kwance yadi ba ka matsar da shi zuwa maƙali na gaba sannan ka buɗe yanki na biyu ya ci gaba. Amfaninsa ɗaya ne, yadin bai kwance ba don haka haɗin ya fi sauƙin dacewa. Amma faɗi yana nan 13 bai ƙaru da ko milimita ba, kuma duk zanen da ka samu, na intanet ne ko wani ya yi maka, sai an zauna an raba shi tukuna. In layi ne mai kauri ya ratsa wurin rabon kuma yadi ya ɗan ja ko da milimita 1 ne ido zai gani, a farar shadda da zare mai duhu ba ya ɓoyuwa.

Sannan lambobin nan na 5x7 inci ne na Amurka, inci 1 santimita 2.54 ne. 4x4 shi ne 10x10, 5x7 shi ne 13x18, 6x10 shi ne 16x26, 8x12 kuma 20x30. Wani abin da ke ruɗa mutane kuma, in ka sa mita ka auna cikin robar kadir za ka ga ta fi wannan lambar girma, kar ka yi murna, wancan sararin da ya rage na ƙafar keke ne don kar ta daki roba ta karya allura. Don haka kar ka tambayi mai saidawa girman kadir, ka ce ya ɗauki hoton littafin keken inda aka rubuta zone de broderie, wato iya filin da keken ke ɗinkawa, ya turo maka, wannan lambar ita ce kake saye da kuɗinka.

Babban keke yana karɓar ƙananan kadir nasa, ƙaramin keke kuma ba shi da hanyar girma har abada. Shawarata kafin ka yanke, ka ɗauko wuyan da aka maido maka daga Yamai cikin watannin nan ko hotunansu in kayan sun tafi, ka sa mita ka auna faɗi da tsawo na kowane aiki ka rubuta a takarda, aljihu daban, bakin hannu daban, wuya daban. Ka kawo mana lambobin nan sai mu san abin da za mu ce maka.

Baba_Tela_Wadata:

Yaro Allah shi yi maka albarka da kat tambaya kahin ka saya. Maganar mai gyara daidai take ba ni da abin ƙarawa bisa kadir. Ni wajen babbar riga zan yi maka magana tunda ka ambace ta. Cire ta daga lissahinka gaba ɗaya. Cikin kekunan ga uku babu wanda ka yin gaban babbar riga yadda ya kamata, har shi mai 20 bisa 36 ɗin. Ka dubi aska takwas yadda take saukowa tun daga kahwaɗa ta rufe aljihu, ga tambari gehe guda, ga kuma na baya, wanga aiki ya wuce rabin mita ta kowane ɓangare. In ka ce ka rarraba shi ka ɗaura ka kwance ka ɗaura ka kwance, wuni guda zaka yi bisa riga guda kuma ko ka gama wani wuri sai ya karkace.

Ba ma girman zane kaɗai ba, nauyin yadi. Cikakken kaya na manya mita 10 na shadda aka yanka, ita rigar kanta ta ci mahi yawa, ga ta da tauri in mai kyau ce irin Getzner. Ɗan keken gida tsakanin allura da jikinshi wuri kaɗan ne, dole ka naɗe sauran yadin ka cusa nan, sauran kuma na rataye ƙasa yana jan hannun keke. Motar da ke ciki ba a yi ta don wanga ba. Masu yin babbar riga nan Yamai da Kano manyan kekuna ne garesu masu kai 2 ko 4 ko hiye, da tebur mai hwaɗi, yadi a shimhiɗe a danne shi da ƙarhe ta kowane gehe, mahi yawansu ƴan Sin ne, masu hali kuma su sai Tajima ko Barudan na Japan. Wannan kuɗɗinshi miliyoyi ne kuma yana son ɗaki nashi da wuta tsayayya.

Ka ci gaba da aika babbar riga, ba abin kunya ba ne, ka sayi keken da ka yi maka aikin da kake samu kullum. Kuma kar ka yar da zigzag ɗinka don kwamfuta ta zo, mu da munka koyi aiki bisa Cornely mai hannun juyawa ƙarƙashin tebur har yau akwai dattawan da ba su sa riga sai da aikin hannu, kuma su ne ba su ja-in-ja bisa kuɗɗi. Ka bar yaro guda bisa shi.

Hajiya_Lazare:

Sannunku da ƙoƙari. Ni kam zan ɗan saɓa muku kaɗan don kar a tsorata bawan Allah ya zauna jiran babban keke shekara ta wuce bai fara ba. Ni 13x18 ɗin nan nake aiki da shi a gida kuma alhamdulillahi yana ciyar da ni. Bajon makaranta, sunan jariri a tawul da shawul na ranar suna, kusurwar zanen gado da rigar filo na kayan amarya, fulawa a bakin mayafi da hijabi, tambarin shago a gaban riga, duk waɗannan ba wanda ya kai 18, yawanci ma da kadir na 10x10 nake yin su. Ka ce kana samun kayan ƴan makaranta, to bajo kaɗai in ka kama makarantu masu zaman kansu a Tawa daga Satumba zuwa Oktoba ba ka da lokacin shan ruwa, bajo santimita 7 ko 8 ne.

Kuma malam akwai abin da ba a gaya maka ba, ko ka sayi babban keke ba kullum za ka ɗaura babban kadir ba. Ƙa'idar ita ce kadir mafi ƙanƙanta da zanen zai shiga shi ake sawa. In ka sa ɗan zane mai 6 a tsakiyar kadir mai 36 yadin tsakiya ba shi da ƙarfi, yana rawa duk lokacin da allura ta shiga ta fita, sai ka ga layin gefe bai hau kan cikon ba ko yadi ya tattare kewaye da aikin, balle yadin mata mai santsi irin na mayafi. Ga ɓarnar bizlin, don dole takardar da ake sawa a ƙasa ta cika kadir duka har ta fito waje ta kowane gefe, aikin 6 ka yanka takarda kusan rabin mita, a wata ka lissafa ka gani. Saboda haka duk wanda za ka saya ka tambaya kadir nawa ne a cikin kwali kuma a buɗe a ƙirga a gabanka ko a bidiyo, musamman shi okaziyon, sau da yawa ƙananan sun ɓace ko sukurun ɗaurewa ya mutu. Kuma na Brother ba ya shiga Janome, na Janome ba ya shiga Brother, kai ko a Brother ɗin ma ba kowane ke shiga kowane ba sai ka bi lambar keken.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa maka, wuyan kaftan na maza ni ba na karɓa sai mai ɗan gajeren aiki, in aka kawo mai dogon gaba ina tura su wurin wani. To tunda ka ce shi ne ya fi yawa a wurinka ka auna kamar yadda mai gyara ya ce. Amma in awon ya nuna rabin aikinka zai shiga 13x18 ni ban ga laifin ka fara da shi ba, ya tara maka kuɗin babban, ranar da babban ya zo shi ƙaramin ya koma na bajo da suna, keke biyu na tafiya lokaci guda ai ba asara ba ce.

Dan_Bukoki_Dizayn:

Salam. Ni zane nake haɗa wa masu kekuna a ordinatar, a Kano na koya wajen masu manyan injuna, can kadir firam suke ce masa. Hajiya maganarki gaskiya ce kan bajo, amma shi yayanmu kaftan ne abincinsa, kuma kaftan tsawo yake nema ba faɗi ba. Wuyan kaftan hagu da dama iri ɗaya ne an juya shi ne kawai, kowane gefe siriri ne amma yana saukowa daga kafaɗa har ƙasan ƙirji. Duk kekunan nan suna da maɓallin juya zane a ekran, ka ɗinka hagu ka juya ka ɗinka dama, wannan ba matsala. Matsalar ita ce in gefe ɗaya bai shiga a ɗauri ɗaya ba, sai ya zama wuya ɗaya ɗauri 4, biyu hagu biyu dama, kuma dole haɗin hagu da na dama su tsaya a layi ɗaya in ba haka ba in mutum ya sa riga kowa zai ga ɗaya ya fi ɗaya sauka.

Ana iya yi fa, ba wai ba a yi ba. Ina raba zane in sa ɗan kuros a ƙarshen yanki na farko da farkon na biyu, mai keke ya ja layin tsakiya da alli, ya sauke allura daidai kan kuros kafin ya tayar. Wanda hannunsa ya faɗa yana yi ba a gane ba. Amma wannan a watan da ba aiki ne, a goman ƙarshe na azumi da kaya sun taru har rufi kuma yaro ne ke ɗaurawa da dare ido ya gaji, nan ake ɓata shaddar mutane. Ita shadda kuma ba ta yafiya, in ka farke ramin allura yana nan, ga sawun kadir da ke fitowa a jikinta kamar an zana, ba ka isa ka sa ruwa ka goge ba ƙyallin ya tafi. Duk ƙarin ɗauri ƙarin sawu ne. Abin da ke ragewa shi ne ka naɗe zoben ciki da biye na auduga, ko ka ɗaure bizlin kaɗai a kadir ka shimfiɗa shadda a sama ka kama ta da dogon ɗinki kewaye, akwai kuma kadir mai maganaɗisu da ake sayarwa yanzu amma sai ka tabbatar an yi shi don lambar kekenka.

Wani abu kuma, kar wani ya ce maka ai sai ka rage zanen a ekran ya shiga. Fayil ɗin brodari ba hoto ba ne, lissafin sukar allura ne ɗaya bayan ɗaya. In ka matse shi adadin suka yana nan wuri ya ragu, aikin ya yi tauri zare ya yi ta tsinkewa allura ta karye, in ka buɗe shi kuma yadi ya riƙa leƙowa ta tsakanin zare. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 shi ne iyaka, abin da ya wuce haka sai an koma ordinatar an sake lissafi da manhaja irin Wilcom ko PE-Design, ko Ink/Stitch shi kyauta ne in kana da haƙurin koyo. Zane mai tsawon 32 ba zai taɓa komawa 18 ya yi kyau ba. Ka sani kuma kowane keke da irin fayil ɗinsa, Brother PES yake ci, Janome JEF, manyan injuna DST, juya ɗaya zuwa ɗaya ba wuya minti 1 ne, sai dai DST ba ya riƙe launin zare kai za ka bi da kanka.

Lokaci ma ka sa a lissafi. PE800 iya gudunsa suka 650 a minti, NV880E 850, Janome ɗin 860. Wuya mai suka 40,000 a na farko ya haura awa 1, a sauran wajen minti 47, ban sa canjin zare ba don dukansu allura ɗaya ce, kowane launi sai ka tsaya ka zare ka zura. Wanda ya gaji da wannan shi ke komawa masu allura da yawa irin PR680W mai allura 6 da 20x30 ko PR1055X mai allura 10 da 20x36, amma wannan wani aji ne na kuɗi ba yanzu ba.

Telan_Tawa:

Kai madalla, Allah shi saka muku da alheri dukanku, Baba na gode na ji maganar babbar riga na aje ta. Na ɗauki mita na auna kamar yadda kunka ce. Aljihun kaftani wajen 10 bisa 12, wanga ba matsala ko ina ya shiga. Bakin hannu 5 bisa 28. Wuya kowane gehe 7 bisa 32, wasu 30, na yara ne kaɗai nig ga sun tsaya 20 zuwa 24. In an haɗa hagu da dama da tsakiya gaba ɗaya yana kai 22 bisa 34. Na bubun mata kuwa sun wuce 30 ta kowane gehe amma su yawanci hulawa ce a warwatse ba layi guda ba.

Kenan in na gane da kyau shi 16 bisa 26 ɗin da nike ta hange ma bai ɗauke wuyan manya a ɗauri guda, ko bakin hannu bai ɗauka. Hajiya na ji shawararki kuma ta shiga raina, sai dai bajo wata biyu ne a shekara, kaftani kuwa kowace Juma'a da kowane biki. Zuciyata ta karkata ga mai 36 ko da zan ƙara zubin adashe guda. Abin da ka ba ni tsoro shi ne in ya lalace nan Tawa wa ka gyara shi, piyas ɗinshi ana samu? Kuma wutarmu kun san yadda take lokacin zahi.

Mai_gyara_Katako:

To yanzu magana ta fito fili. Da awon nan 26 bai yi maka ba, za ka biya kuɗin babban keke ka ci gaba da rabon zane kamar mai ƙarami. 7x32 da 5x28 duk suna shiga 20x36 a ɗauri ɗaya, har ma bakin hannu biyu za ka iya jerawa gefe da gefe in ka zana su a yadi kafin ka yanka. Cikakken wuya mai faɗin 22 ya fi 20 da kaɗan, ko mai zane ya matso da shi ya koma 19 da rabi ko ka yi hagu da dama daban, duka biyun suna yi. Na matan kuma tunda fulawa ce a rarrabe ko ka sake ɗauri ba mai ganin haɗi. Shi 550E in sabo ne kadir 4 ke cikin kwalinsa, 20x36 da 20x20 da 14x20 da 14x14, abokinka ya ƙirga su, ka ga bajo da aljihu sai ka yi da na 14. Ka tanadi tebur mai faɗi kuma kar ka manna shi da bango, in dogon kadir ya tafi baya ya daki bango zane ya goce kenan.

Maganar wuta, duk keken da za ka saya a duba ƴar takardar da ke manne kusa da wurin sa waya. Mu 220 muke da ita. PE800 don kasuwar Amurka aka yi shi, 120 yake sha, in aka soka shi kai tsaye ba taransifo katin wutarsa ya ƙone nan take, irinsu sun sha zuwa teburina. Na Dubai wutarsu ɗaya da tamu sai dai kan wayar mai ƙafa 3 ne irin na Ingila, adafta kawai zaka sa. Kar ka tayar da shi ba ondilar, ba regilatar kaɗai ba, ondilar mai batir, keken ba ya cin wuta sosai ƙarami ma ya isa ya ba ka lokacin tsayar da shi ka rubuta lambar sukar da yake kai in an ɗauke. Kar ka haɗa shi layi ɗaya da dutsen guga, in gurup kake tayarwa ma ta cikin ondilar zai bi. Ƙura ita ce ɗayar, lokacin hunturu ka rufe shi da zarar ka gama, ka riƙa cire farantin allura kana share wajen kanet, wato abin naɗa zaren ƙasa, da buroshi, a watan Afrilu da Mayu kuma ka bar shi ya huta tsakar rana in ɗakin kwano ne.

Piyas gaskiya na Brother sun fi yawo a hannun mutane nan, na Janome sai an yi komand, kuma a 2023 da iyakar Benin ta rufe kaya ta Lome da Burkina suka koma biyowa suna daɗewa, ƙananan abubuwa gara a sa su a jakar matafiyi. Don haka tun a tafiyar farko abokinka ya haɗo maka da gidan kanet na ajiya, kanet dozin biyu nasa na asali, da ƙarin babban kadir ɗaya don shi ne zai fi shan wahala kuma in ya tsage aiki ya tsaya. Allura ba damuwa irin ta keken gida ce mai gefe ɗaya a shafe, 75 da 90, kar dai a ba ka ta manyan injuna mai zagayayyen gindi. In ya zo ka kira ni ta bidiyo mu tayar da shi tare, abin da ya fi ƙarfin waya kuma ka sa shi a kwalinsa na asali ka aiko a mota, saboda haka kar ka yar da kwalin da farin soson da ke ciki.

Dan_Bukoki_Dizayn:

Yaya ka turo mini hoton wuya ɗaya da awonsa ta inbox in haɗa maka shi 7x32 a JEF kyauta. Ka tura wa abokinka ya sa a kle ya tafi da shi shagon da ƙyallen shadda rabin mita, ya ce su ɗinka a gabansa da babban kadir kafin ya biya, ya juya bayan yadin ya ɗauko maka hoto mu ga yadda zaren ƙasa ya zauna.